Cikin 'yan uku a Gyallesu: abin da ya sauya ga uwa da jarirai tun daga 1976

Haihuwar 'yan uku labari ne da ba ya kwana a unguwa ɗaya. Idan mace ta sauka da jarirai uku a Gyallesu, ko a wata unguwa ta Zariya, kafin ranar suna hotonsu ya zaga wayoyi, 'yan barka sun cika gida, wani lokaci kuma mai riƙe da muƙami ko mai neman sa ya aiko da buhun shinkafa da gwangwanayen madara. Yawanci a nan labarin yake ƙarewa a idon jama'a. A wurin likitoci kuwa, ranar haihuwa kusan ƙarshen lissafi ce. Makomar uwar da ta 'ya'yanta ta dogara ƙwarai a kan abubuwa biyu da suka gabaci wannan rana da watanni: lokacin da aka gane cewa jarirai uku ne a cikin, da kuma wurin da aka shirya za ta haihu.

Gyallesu mazaɓa ce a Ƙaramar Hukumar Zariya, a gefen tsohon birnin Zazzau, tana maƙwabtaka da Kongo da Tudun Wada. A Tudun Wadan ne Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello ya zauna shekara da shekaru, kuma a can aka gudanar da ɗaya daga cikin manyan bincike a kan haihuwa da aka taɓa yi a Afirka. Saboda haka unguwar wuri ne da ya dace a tsaya a auna abin da ilimin likitanci ya ƙara wa mai cikin 'yan uku a cikin kusan shekara 50, da kuma yawan abin da ya iso gare ta daga cikinsa.

Yadda ciki ke zama na 'yan uku

Cikin 'yan uku yana samuwa ta hanyoyi uku. Mace takan saki ƙwai uku a wata guda, kowanne ya zama jariri. Ko ta saki biyu, ɗaya daga ciki ya rabe gida biyu. Ko kuma ƙwai ɗaya ya rabe uku, wanda shi ne mafi ƙarancin aukuwa. Bambancin yana da muhimmanci saboda mabiyiya. Idan kowane jariri yana da tasa, haɗarin ya fi sauƙi. Idan biyu suna tarayya a kan ɗaya, jini yana iya riƙa kwarara daga ɗayan zuwa ɗayan ta jijiyoyin da suka haɗa su, har wannan ya tsumbure, wancan kuma zuciyarsa ta gaji da yawan jini. Hoton ciki tsakanin mako na 11 da na 14 ne ya fi fayyace yawan mabiyiya, kuma inda aka ga tarayya, ƙa'idar likitoci ita ce a riƙa maimaita hoton kowane mako biyu tun daga mako na 16.

A 1895 wani likita mai suna Hellin ya kawo lissafin da har yau ake koyarwa: a cikin haihuwa 89 akan sami tagwaye sau ɗaya, 'yan uku kuwa sau ɗaya a cikin 89 sau 89, wato kusan haihuwa 7,900. Da alƙaluman Turai ya yi lissafin, kuma Afirka ta Yamma ta zarce shi da nisa. Binciken da Percy Nylander ya yi a ƙasar Yarbawa ya samu tagwaye fiye da 40 a cikin kowace haihuwa 1,000, garin Igbo-Ora na Jihar Oyo kuma ya yi suna a kan haka. A ƙasar Hausa, N. Rehan da D. S. Tafida sun buga bincike a 1980 a kan mata Hausawa 5,750 da suka haihu a asibitin Katsina, suka samu tagwaye kimanin 40 da 'yan uku kimanin 2 a cikin kowace haihuwa 1,000. Wannan ya kama kusan ɗaya a cikin 500. Alƙaluman asibiti sukan ɗara na gari, domin masu matsala ne suka fi zuwa asibiti, amma ko an rage wani abu saboda haka, tazarar da lissafin Hellin tana nan da girma. Yiwuwar samun irin wannan ciki tana ƙaruwa da shekarun mace har zuwa ƙarshen shekarunta na talatin, da yawan haihuwar da ta yi, da kuma gado ta wajen uwa.

Al'adar Hausa ta daɗe da sanin haihuwar fiye da ɗaya, har ta tanadi sunaye: Hassan da Husaini, Hassana da Husaina, sai Gambo ga wanda ya biyo bayansu. Babban asibitin gwamnatin jiha da ke Ƙofar Gayan yana ɗauke da sunan Hajiya Gambo Sawaba, jagorar matan NEPU da ta rasu a 2001. Sunanta na yanka Hajaratu, Gambo kuwa ta same shi ne saboda tagwaye ta biyo.

Binciken Zariya na 1976 zuwa 1979

Farfesa Kelsey Harrison, likitan mata ɗan asalin Abonnema a Jihar Ribas, ya jagoranci sashen haihuwa na asibitin jami'a a Zariya a shekarun 1970. Daga 1976 zuwa 1979 shi da abokan aikinsa suka rubuta bayanan haihuwa 22,774 a jere, ba tare da tsallake ko ɗaya ba, aka buga sakamakon a 1985 a wata fitowa ta musamman ta mujallar likitocin mata ta Birtaniya. A cikin kowace haihuwa 100,000, lissafin ya nuna mutuwar uwaye kimanin 1,050.

Abin da ya fi jan hankali shi ne yadda mutuwar ta rarrabu. Mafi rinjayen matan da suka rasu ba su taɓa zuwa awon ciki ba. An kawo su ne cikin gaggawa bayan naƙuda ta yi tsawo, ko jini ya ɓalle, ko jijjiga ta kama su. Matan da suka yi rajistar awo suka kuma haihu a asibitin, haɗarinsu ya yi ƙasa ƙwarai, alhali gari ɗaya ne, likitoci ɗaya ne, kayan aiki ɗaya ne. Binciken ya kuma nuna cewa matan da suka yi karatun boko sun fi zuwa awo, sun fi tsira, kuma Harrison ya ci gaba da nanata cewa ilimin 'ya'ya mata na cikin manyan magungunan mutuwar masu haihuwa. An keɓe babi guda ga tagwaye da 'yan uku, inda aka ga haɗarin uwa da na jarirai ya ɗara na masu ɗauke da ɗa guda. A wancan zamani hoton ciki bai yaɗu ba, don haka sau da yawa sai bayan jariri na farko ya fito ake gane akwai saura.

Wannan aiki na cikin hujjojin da suka kai ga taron Nairobi na 1987, inda Hukumar Lafiya ta Duniya da Bankin Duniya da Asusun Kula da Yawan Jama'a na Majalisar Ɗinkin Duniya suka ƙaddamar da yunƙurin kare rayukan masu haihuwa. Bayan shekara 33 da taron, ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya ba Najeriya mutuwar uwaye 1,047 a cikin haihuwa 100,000, wato mata kimanin 82,000 a shekara, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya baki ɗaya. Ma'aunan biyu sun bambanta: na farko na asibiti ɗaya ne da ake kai wa masu matsala, na biyu ƙiyasi ne na ƙasa, kuma binciken gida-gida na ƙasa na 2018 ya ba da 512. Ko wanne aka ɗauka, ƙasar tana sahun gaba a wannan asara, mai cikin 'yan uku kuma tana cikin waɗanda suka fi kusa da ita.

Haɗarin da ke kan uwa

Abu na farko shi ne hawan jinin masu ciki, wanda idan ya tsananta yake kai wa ga jijjiga. Ya fi yawa a cikin tagwaye da 'yan uku, yakan kuma fara da wuri. Alamunsa su ne ciwon kai mai tsanani, ganin dishi-dishi, kumburin fuska da hannaye, da ciwo a saman ciki. A shekarun baya allurar kwantar da jijiyoyi ake yi wa mai jijjiga. Wani babban gwaji na ƙasa da ƙasa da aka buga a 2002 ya tabbatar da cewa magnesium sulphate, magani mai araha, yana rage aukuwar jijjiga da fiye da rabi. Da aka shigar da shi manyan asibitoci 10 na Jihar Kano a 2008, mutuwa a tsakanin masu wannan ciwo ta faɗo daga kashi 20.9 cikin ɗari zuwa kashi 2.3. Yanzu kuma akan ba masu haɗari asfirin ɗan kaɗan kullum tun farkon ciki, bisa umarnin likita, don rage yiwuwar ciwon.

Na biyu shi ne zubar jini bayan haihuwa. Mahaifar da ta ɗauki jarirai uku takan buɗe fiye da kima, sai ta kasa tsukewa da sauri bayan sun fito, wurin da mabiyiya ta manne kuma yana da faɗi. Likitoci suna ƙidaya zubar mililita 500 ko fiye a cikin sa'o'i 24 a matsayin zubar jini mai haɗari. Matsalar takan ninku domin mai cikin 'yan uku ta fi kowa shiga naƙuda da ƙarancin jini: jarirai uku suna jan sinadarin ƙarfe daga jikinta, zazzaɓin cizon sauro kuma yana ƙara rage shi. A 2006 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta yi rajistar ƙwayar misoprostol don tsayar da irin wannan zubar jini, kuma a 2009 masu bincike na Jami'ar Ahmadu Bello suka gwada raba ta ga masu haihuwa a gida a wasu garuruwa biyar na kewayen Zariya. Ƙwayar tana da sharaɗi guda mai nauyi: ba a shan ta sai jariri na ƙarshe ya fito. Matar da ba ta san uku take ɗauke da su ba, idan ta sha bayan na farko, mahaifa za ta tsuke a kan sauran biyun.

A 2023 aka buga sakamakon gwajin E-MOTIVE, wanda aka yi a asibitoci 80 na Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu a kan mata fiye da 200,000. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero da ke Kano ce ta jagoranci ɓangaren Najeriya. An shimfiɗa wa mai haihuwa wata leda mai ma'auni da ke tara jinin don a ga adadinsa da ido, da zarar ya kai iyaka kuma sai a haɗa magungunan duka a lokaci guda maimakon ɗaya bayan ɗaya. Munanan sakamakon zubar jini sun ragu da kashi 60 cikin ɗari.

Na uku ciwo ne da sunan Zariya ya shiga littattafan likitanci ta dalilinsa, wato gazawar zuciya a ƙarshen ciki ko a watannin jego. Davidson da Parry sun yi nazarinsa a Zariya a shekarun 1970, suka ƙiyasta cewa yana kama kusan mace ɗaya a cikin 100 daga Hausawan da suka haihu, suka kuma danganta shi da wankan jego da ruwa mai tsananin zafi, kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta, da shan kunun kanwa. Binciken baya-bayan nan da Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya jagoranta ya fi karkata ga wasu dalilai, kamar rama, rashin ilimi da hawan jinin masu ciki. Ciki na fiye da ɗaya na cikin abubuwan da aka sani suna ƙara haɗarin wannan ciwo. Mai jegon da numfashi ke yi wa wuya idan ta kwanta, ko ƙafafunta suka kumbura, ko tari ya ƙi ƙarewa, tana bukatar ganin likita a ranar.

Makonnin da ke raba rai da mutuwa

Ga jarirai, babban abin tsoro shi ne fitowa kafin lokaci. Cikin ɗa guda yakan kai mako 39 zuwa 40. Na 'yan uku yakan tsaya a mako 32 zuwa 33, kowane jariri kuma yakan zo da nauyin kilo 1.7 ko kusa da haka. Ƙa'idojin kula da lafiya na Birtaniya sun ce kimanin 75 a cikin 100 na masu cikin 'yan uku suna fara naƙuda da kansu kafin mako na 35, waɗanda suka kai wannan mako lafiya kuma ana ba su shawarar a ciro jariran a lokacin, galibi ta tiyata. Kusan duk 'yan uku bakwaini ne.

Bakwaini yana fama da huhun da bai nuna ba, da jikin da ba ya riƙe ɗumi, da rashin ƙarfin tsotso, domin kafin mako na 34 jariri bai iya haɗa tsotso da haɗiya da numfashi sosai ba. Ga kuma saurin kamuwa da ƙwayoyin cuta da ciwon shawara. A Amurka ma, inda ɗakunan jinyar jarirai suke da kayan aiki, mutuwar 'yan uku kafin cika shekara ta ninka ta ɗa guda kusan sau goma ko fiye. Wani bincike a Yammacin Ostareliya a kan yaran da aka haifa a shekarun 1980 ya samu ciwon shanyewar jiki da ke biyo bayan taɓuwar ƙwaƙwalwa a yara 28 cikin 1,000 na 'yan uku, 7.3 na tagwaye, da 1.6 na waɗanda aka haifa su kaɗai.

A wannan fage ne ilimi ya fi yin gaba. A 1971 aka fara amfani da na'urar da ke tura iska a hankali don huhun jariri ya zauna a buɗe. A 1972 Liggins da Howie suka nuna a New Zealand cewa allurar da ake yi wa uwa kafin haihuwa tana gaggauta nunar huhun jariri. A 1980 likitocin Japan suka yi nasarar zuba wa bakwaini sinadarin da huhunsa ya rasa. An daɗe ana shakkar ko allurar huhu tana da amfani a ƙasashe masu ƙarancin kayan aiki, sai gwajin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020, wanda asibitocin Najeriya suke ciki, ya nuna cewa dexamethasone ta rage mutuwar jarirai daga kashi 23.5 zuwa 19.6 cikin ɗari, matuƙar an san makonnin cikin daidai kuma akwai wurin jinyar jariri. Sanin makonnin daidai yana komawa ne ga hoton farkon ciki.

Hanya mafi araha ta fito daga Bogota ta ƙasar Kolombiya a 1978, lokacin da kwalaben jarirai suka gaza isa, likitoci suka fara ɗaure bakwaini a ƙirjin uwa, fata da fata. Gwajin da aka buga a 2021, wanda aka yi a Ghana da Indiya da Malawi da Tanzaniya da kuma Ile-Ife a Najeriya, ya nuna cewa fara wannan goyon ƙirji nan take ga jarirai masu nauyin kilo 1 zuwa 1.8 ya rage mutuwarsu da kashi 25 cikin ɗari. Nauyin yawancin 'yan uku ke nan. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da shi shawararta ga dukkan bakwaini. Uwa ɗaya ba za ta goya uku a ƙirji dare da rana ba, amma uba da kaka da ƙanwar uwa suna iya karɓa, kuma a sanyin hunturun Zariya ɗumin jikin mutum ba ya ɗaukewa yadda wutar lantarki ke yi.

Duk da wannan ci gaba, alƙaluman ƙasa sun tsaya cik. Mutuwar jarirai a watan farko ta kasance 40 cikin 1,000 a binciken ƙasa na 2008, 37 a 2013, 39 a 2018, 41 a na 2023 zuwa 2024. Wani nazari a kan ƙasashen Afirka kudu da Sahara da aka buga a 2017 ya samu cewa mutuwar tagwaye kafin shekara biyar ta sauko daga 327 zuwa 213 cikin 1,000 tsakanin tsakiyar shekarun 1990 da 2014. Wato ɗaya a cikin biyar yana mutuwa, kuma saukar ta yi jinkiri idan aka gwada da ta sauran yara. 'Yan uku sun fi tagwaye fitowa da wuri, sun kuma fi su ƙanƙanta.

Magungunan haihuwa da sabon tushen 'yan uku

Yawan 'yan uku ya sauya da zuwan magungunan neman haihuwa. Ƙwayoyin da ke sa mace sakin ƙwai sun yaɗu daga shekarun 1960, aka kuma haifi jaririya ta farko ta hanyar dashen ƙwai a Ingila a 1978. A Amurka, haihuwar 'yan uku da fiye ta tashi daga 37 cikin 100,000 a 1980 zuwa 193.5 a 1998. Da likitoci suka ga yawan bakwaini da mace-macen da hakan ya jawo, sai ƙungiyoyinsu suka taƙaita yawan ƙwan da ake dasawa, adadin ya sauko zuwa 73.8 a 2023. A Birtaniya, haihuwar fiye da ɗaya bayan dashe ta faɗo daga kimanin kashi 28 cikin ɗari a shekarun 1990 zuwa kashi 6 a 2019, bayan hukumar da ke sa ido ta matsa a riƙa dasa ƙwai ɗaya.

Najeriya ta shiga wannan fage, kuma asibitocin dashe sun yawaita a manyan birane tun bayan haihuwar da aka samu ta wannan hanya a wani asibitin Abuja a 1998. Aikin yana da tsada, ma'aurata kuma sukan so a dasa da yawa don kada kuɗin ya tafi a banza. Abin da ya fi kusa da matan unguwa kamar Gyallesu shi ne ƙwayar clomiphene, wadda ake iya samu a kantin magani ba tare da takardar likita ba. Matar da gorin rashin haihuwa ko fargabar kishiya ya tura ta shan ta ba tare da an duba ƙwan da take saki ba, tana ƙara wa kanta yiwuwar ɗaukar fiye da ɗaya ba ta sani ba.

Daga unguwa zuwa ɗakin tiyata

A 2005 asibitin koyarwa ya koma mazauninsa na dindindin a Shika, bayan Samaru a kan hanyar Funtuwa. Kulawa ta ƙwararru da a da take maƙwabtaka da Gyallesu yanzu tana bukatar mota da kuɗinta, musamman da dare. Kusa da gida akwai cibiyoyin lafiya na matakin farko, da asibitin Gambo Sawaba, da asibitin mishan na Wusasa, da asibitoci masu zaman kansu. Cikin 'yan uku kuwa yana bukatar wurin da ya haɗa likitan tiyata, da jinin ƙari a ajiye, da ɗakin jinyar bakwaini mai gurbin jarirai uku a lokaci guda.

Masana sun kasa jinkirin da ke kashe masu haihuwa gida uku tun 1994: jinkirin yanke shawarar tafiya asibiti, jinkirin isa, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 39 cikin ɗari na haihuwa ne ake yi a asibiti a Najeriya, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 16. Tiyatar haihuwa ba ta wuce kashi 3 ba, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta lura cewa mutuwar uwaye da jarirai tana ci gaba da raguwa yayin da adadin ke hawa zuwa kashi 10. Haihuwar 'yan uku a ɗaki tana da haɗari na musamman: bayan na farko ya fito, na biyu yana iya juyewa a gicciye, cibiya tana iya rigan shi fitowa, mabiyiya kuma tana iya ɓallewa alhali na uku yana ciki. Ungozoma, komai ƙwarewarta, ba ta da abin yi a kan waɗannan.

Gano cikin da wuri yana rage jinkirin guda uku tare. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar zuwa awo sau takwas da yin hoton ciki aƙalla sau ɗaya kafin mako na 24. Al'adar ɓoye ciki saboda kunya, musamman cikin fari, takan sa mace ta fara awo a wata na biyar ko na shida, lokacin da mai 'yan uku ba ta da sauran fiye da makonni kaɗan. Iyalin da suka sani tun wata na uku suna da damar neman izinin maigida tun da sauran lokaci, su tanadi masu ba da jini, su tara kuɗi, su yi magana da direba, su kuma yi rajista a asibitin da zai iya karɓar jariran.

Kuɗi da manufofin gwamnati

Fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin kiwon lafiya a Najeriya daga aljihun marasa lafiya yake fitowa. A Abuja ne shugabannin Afirka suka yi alƙawari a 2001 cewa za su ware kashi 15 na kasafinsu ga lafiya, kuma gwamnatin tarayya ba ta kai wannan adadi ba. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, da aƙalla kashi 1 na kuɗin shigar tarayya. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora ga kowa, Jihar Kaduna kuma tana da hukumarta ta taimakekeniyar lafiya, da manufar samar da ingantacciyar cibiya ɗaya a kowace daga mazaɓunta 255, Gyallesu na ciki. A watan Nuwamba na 2024 ministan lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi, a ƙarƙashin wani shiri da ya sa ƙananan hukumomi 172 a gaba.

Ga mai 'yan uku, tiyata aikin yini ɗaya ne, jinyar bakwaini uku kuwa tana iya cin makonni. Bayan sallama akwai shayarwa. Uwa tana iya ba uku nono idan tana cin abinci mai kyau kuma tana da masu taya ta, ana tatsa a ba wanda bai iya tsotso ba da ƙaramin kofi, dakashi kuma shi ne kariyarsu ta farko. Madarar gwangwani tana cinye kuɗi, idan kuma aka dama ta da ruwa marar tsabta ko aka tsinka ta don ta daɗe, gudawa da tamowa suke biyo baya. Uwar ma tana cikin haɗari har bayan arba'in, ga hawan jini, ga zuciya, ga baƙin cikin da yakan kama mai jegon da ba ta samun barci.

Ma'aunin da ya dace a gwada hukuma da shi a wannan batu yana da sauƙin ƙidaya. Ko cibiyar mazaɓa tana da na'urar hoton ciki da wanda ya iya karanta ta. Ko akwai magnesium sulphate da allurar tsayar da jini a ma'ajiyarta. Ko takardar tura mai ciki zuwa babban asibiti tana tafiya da mota. Gadaje nawa ne a ɗakin bakwaini, kuma wa ke biyan kuɗinsu. Ko ana rubuta kowace mutuwar uwa da jariri a binciki dalilinta. Waɗannan abubuwa suna cikin kasafin kuɗi na jiha da na ƙaramar hukuma, ana iya bin su layi-layi. Binciken Tudun Wada ya nuna tun 1985 cewa matar da aka sani kafin naƙuda ta fi tsira nesa ba kusa ba, kuma magungunan da aka gano daga baya, daga allurar huhu zuwa ledar auna jini, duk suna aiki ne a kan matar da ta iso asibiti da sauran lokaci.